Ciwo Biyu a Jiki Ɗaya: Jinyar Mata Masu Taɓin Hankali Haɗe da Shaye-shaye

Ina da wata 'yar'uwa ta wajen uwa wadda ba zan ambaci sunanta ba, ko da yake da izninta nake ba da wannan labari. Tana da shekara 26 ta haihu, jaririn ya koma kwana biyu bayan suna, kafin shekara ta zagayo kuma auren ya mutu. Tun daga wankan jego barci ya ƙaurace mata. Sai ta kwana zaune tana jin kamar kukan jariri a ɗaki, da rana kuma ko tsakar gida ba ta iya sharewa. Aka yi ta ba ta haƙuri, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ana nan sai wata ƙawarta ta miƙa mata lemon kwalba a gidan biki, wanda aka gauraya da maganin tari mai kodin. A daren nan, in ji ta, ta yi barcin da rabonta da irinsa wata bakwai. Daga kwalba guda a mako aka koma kwalba biyu a yini, da maganin tarin ya yi tsada kuma ta koma ga taramol da ƙwayoyin sa barci.

Da abin ya fito fili, muka kai ta wata cibiya ta masu shaye-shaye. Bayan kwana huɗu suka aiko mu zo mu ɗauke ta, domin tana kuka dare da rana, har ta yi maganar kashe kanta, su kuwa ba su da likitan ƙwaƙwalwa. Muka nufi wani asibiti da ke da sashen masu taɓin hankali. Can kuma aka ce ba za a iya gane ainihin ciwonta ba alhali ƙwaya na cikin jininta, ta je ta daina sha na wata guda sannan a dawo da ita. A hanyarmu ta komawa gida mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "To kai da ake kira dakta, faɗa mini, a cikin ciwon nan biyu wanne ne uwa, wanne ne 'ya?" Na ce, "Inna, ni daktan ilmin halittu ne, ba na asibiti ba." Wannan bambanci dai dangina sun ƙi karɓarsa har yau. Amma tambayar ta zauna mini a rai, ita ce kuma ta sa na shiga bin diddigin abin da masana suka gano a kan lamarin.

Abin da na tarar shi ne, wuraren nan biyu duka sun yi aiki ne da wani tsohon tsari da aka daɗe da ganin gazawarsa, wato a raba ciwon gida biyu, a ce sai an gama da ɗaya za a taɓa ɗaya. Wannan tsari yana cutar da kowa, amma ya fi cutar da mata, bisa dalilan da wasunsu ke cikin halittar jiki, wasu kuma a cikin zamantakewa.

Yawan haɗuwar cututtukan biyu

A shekarar 1990 Darrel Regier da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gagarumin bincike da aka gudanar a yankuna biyar na ƙasar Amurka, inda aka yi hira da mutum fiye da 20,000. A cikin waɗanda giya ta kama, kashi 37 cikin ɗari suna da wani ciwo na hankali a tarihin rayuwarsu. A cikin masu jarabar sauran kayan maye kuwa adadin ya kai kashi 53, wato ya haura rabi. In an juyo ta ɗaya ɓangaren, kusan rabin masu ciwon sikizofiriniya, wanda kan sa mutum jin muryoyi da gaskata abin da babu shi, sun taɓa faɗawa shaye-shaye. Wannan ya tabbatar da abin da ma'aikatan jinya na can suka fara kokawa da shi tun cikin shekarun 1980. A lokacin gidajen jinyar masu shaye-shaye daban suke da asibitocin ƙwaƙwalwa, kowanne da kasafin kuɗinsa da irin horon ma'aikatansa. Da yawa daga gidajen farko ba su yarda da kowace irin ƙwaya ba, ko da likita ne ya rubuta ta, na biyun kuwa sallamar majinyaci suke yi da zarar an kama shi da maye. Mai ciwo biyu sai ya zama ba nasu ba, ba na waɗancan ba.

A Nijeriya, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, ba a haɗa da giya da taba ba. Ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A wajen wiwi maza sun yi wa mata fintinkau, amma a wajen maganin tari, wanda mutum miliyan 2.4 suka sha ba don tari ba, kusan kunnen doki aka yi. Dalili a fili yake. Maganin tari da ƙwaya ba su da hayaƙi, ba su da wari mai tona asiri, a kemis ake sayensu, kuma yaro ma ana iya aika ya sayo. A watan Mayu na 2018, bayan wani shirin bincike na BBC ya tona yadda ake cinikin, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Matakin ya rufe famfo, amma bai yi komai ba game da ƙishin da ya kai mata irin 'yar'uwata bakin famfon.

Wanne ne uwa, wanne ne 'ya?

Domin amsa tambayar Inna sai mun leƙa cikin ƙwaƙwalwa. A shekarar 1954, a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, James Olds da Peter Milner suka dasa siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli wanda in ɓeran ya taka zai aika wa kansa da 'yar wutar lantarki. Ɓerayen suka yi ta takawa ɗaruruwan sau, wani lokaci dubbai, a cikin sa'a guda. Daga baya aka gane cewa wannan hanya ce ta jin daɗi da kwaɗayi, kuma sinadarin da ke ɗaukar saƙo a cikinta shi ne dofamin. Allah ya halicci wannan hanya domin dabba ta nemi abinci da ruwa da abokin haihuwa, ta kuma kula da 'ya'yanta. Duk wani abu da ke jawo jaraba, daga giya zuwa kodin, yana sa dofamin ya kwarara a wannan hanya fiye da yadda tuwo ko hira da masoyi za su sa.

Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta son ambaliya. Idan aka yi ta maimaitawa, sai ta rage yawan 'yan ƙofofin da ke karɓar saƙon dofamin, a lokaci guda kuma ta tayar da tsarin da ke kula da tashin hankali, wanda ke sa jiki fitar da sinadarin kotisol. Sakamakon haka abubuwan da a da ke faranta rai su daina, mutum ya zama cikin ƙunci da fargaba muddin ƙwayar ta sake shi. A wannan mataki ba daɗi yake nema ba kuma, gudun azaba yake yi. Mai karatu zai lura cewa waɗannan alamu, wato rashin jin daɗin komai da rashin barci da fargaba, su ne kuma alamun ciwon damuwa, wanda ke danne mutum da baƙin ciki na makonni ko watanni. Hanyoyin da cututtukan biyu ke bi a cikin ƙwaƙwalwa sun ratsa juna.

Saboda haka amsar tana iya zuwa ta fuska uku. Wani lokaci ciwon hankali ne uwa: mace na fama da damuwa ko firgita, ta sami abin da ke kashe mata zafin na 'yan sa'o'i, ta riƙe shi. Likitan ƙwaƙwalwa Edward Khantzian ya bayyana wannan ra'ayi a 1985, cewa da yawa daga masu shaye-shaye magani suke yi wa kansu, sai dai maganin da suka zaɓa ya fi cutar muni. Wani lokaci shaye-shayen ne uwa, kamar yadda yawan shan wiwi tun da ƙuruciya kan ƙara haɗarin ruɗewar hankali. Wani lokaci kuma dukansu 'ya'ya ne na uwa guda, ko dai gado ko wata azaba da aka sha a yarinta. Bayan shekara biyu ko uku ana tafiya, kowanne ya zama yana ciyar da ɗan'uwansa, neman na farko kuma ya rage amfani ga mai jinya.

Sharaɗin wata guda da aka gindaya mana a asibiti yana da tushe. A ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa, idan alamun damuwa suka ci gaba kimanin wata guda bayan an daina sha, ana ɗaukarsu ciwo ne mai zaman kansa, in kuma suka gushe, ƙwayar ce ta haddasa su. Amma wannan ƙa'ida ce ta raɗa wa ciwo suna, ba ta rufe ƙofa ba ce. Watan nan shi ne mafi haɗari a duk tafiyar, domin a cikinsa ne azabar yankewa ke kai maƙura, tunanin kashe kai kuma ya yi ƙarfi. A hannun ma'aikatan jinya ya kamata a yi shi. Bugu da ƙari, tambaya guda da an yi wa Inna da ta warware rabin matsalar: me ya fara bayyana? Rashin barcin ya riga kwalbar farko da wata bakwai cur.

Jikin mace ba ƙaramin jikin namiji ba ne

Na sha faɗa wa ɗalibaina wannan magana a aji, domin kimiyyar magunguna ta daɗe tana aiki kamar ba ta san da ita ba. A shekarar 1977 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a daina sa matan da ke iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwajin sababbin magunguna, ba a kuma janye wannan ba sai 1993. Ke nan magunguna da yawa an auna ƙimarsu ne a jikin maza. Misali mafi shahara shi ne maganin barci zolfidem. Sai a 2013, bayan shekara ashirin yana kasuwa, hukumar ta raba ƙimar da ake ba mata biyu, daga miligiram 10 zuwa 5, saboda an gano ya fi daɗewa a jininsu har wayewar gari.

A jikin namiji ruwa ya kai kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa, a jikin mace kuwa bai cika kai haka ba, kitse ya ɗan fi yawa. Saboda haka in mace da namiji masu nauyi ɗaya suka sha giya daidai wa daida, ta fi taruwa a jinin macen, kuma hantarta ta fi saurin lalacewa. Magungunan da ke narkewa a kitse, irin su dayazifam, sukan maƙale su daɗe. Gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye sun nuna cewa sinadarin istirojin na mata yana ƙara ƙarfin amsawar hanyar dofamin, kuma ɓeraye mata sun fi saurin koyon ɗura wa kansu hodar ibilis. Ba kowane abin da aka gani a ɓera ne ke tabbata a ɗan Adam ba, amma likitoci sun daɗe da lura cewa mata sukan fara shaye-shaye a makare, sannan su isa matakin jaraba cikin gajeren lokaci, su zo asibiti da matsaloli masu nauyi fiye da na namijin da ya riga su farawa.

Ga shi kuma ciwon damuwa ya ninka kusan sau biyu a tsakanin mata in an kwatanta da maza, haka ma ciwon firgita. Bayan haihuwa, sama da mace ɗaya cikin goma takan shiga damuwa mai tsanani, a ƙasashe masu tasowa ma adadin ya fi haka. A wajenmu jego lokaci ne na taron dangi da ruwan zafi da kunun kanwa, ana kula da jikin mai jego ƙwarai da gaske, amma ba a cika tambayarta abin da ke cikin ranta ba.

Akwai wani batu game da kodin da ya kamata kowace mai shayarwa ta sani. Shi kansa kodin ba shi da wani ƙarfi sai hanta ta juya wani ɓangare nasa zuwa mofin, ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6. Mutane sun bambanta a nan bisa gado. Wasu hantarsu da ƙyar take juyawa, wasu kuma sun gaji kwafi fiye da biyu na ƙwayar gadon, suna juyawa da sauri fiye da kima. A ƙasar Habasha an sami irin waɗannan sun kusa kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka auna. Uwa mai irin wannan hanta mofin na iya isa nononta da yawan da zai danne numfashin jariri. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada mai shayarwa ta sha kodin ko taramol.

Tabon da ba a tambaya

A nan ne, a ganina, cibiyar matsalar take. A 1998 Vincent Felitti da Robert Anda suka buga binciken da suka yi a kan manya fiye da 9,000 a birnin San Diyego, inda aka tambaye su irin wahalhalun da suka sha a yarinta: duka, zagi, lalata, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali a gida. Waɗanda suka gamu da iri huɗu ko fiye, haɗarin faɗawarsu cikin shan giya da ƙwaya da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka sau 4 zuwa 12. A gidajen jinyar shaye-shaye na ƙasashen da aka yi ƙidaya, mafi yawan mata suna da tarihin fyaɗe ko duka, sau da yawa daga hannun na gida. Irin wannan kan bar ciwon firgita, inda abin da ya faru ke ta dawowa a mafarki da farke, mace ta zama kullum a ɗarare kamar yanzu za a sake. Ƙwaya kuwa tana kashe wannan na ɗan lokaci.

Tsohuwar hikimar masu jinya ita ce kada a taɓa wannan tabo sai mace ta daɗe da daina sha, don kada tuna baya ya mayar da ita ruwa. A 1998 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye ta Amurka ta ƙaddamar da wani shiri na shekara biyar domin gwada akasin haka. Mata 2,729 ne suka shiga, a cibiyoyi tara, dukansu masu ciwon hankali da shaye-shaye da tarihin cin zarafi. Wasu aka yi musu jinyar da aka saba, wasu kuma aka haɗa musu abubuwan uku wuri guda, tare da horar da ma'aikata su san abin da ke tayar wa irin waɗannan mata da firgita, aka kuma sa matan da suka taɓa shiga halin cikin masu tsara aikin. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa bayan shekara guda waɗanda aka haɗa wa jinya sun fi samun sauƙin ciwon hankali da na firgita, kuma kuɗin da aka kashe musu bai fi na sauran ba. Gaskiya ita ce tazarar ba ta yi faɗi ba, a wajen daina sha ma ta kusa shafewa bayan shekarar. Amma tsoron da ake yi bai tabbata ba.

Wasu gwaje-gwaje biyu sun ƙara haske. Denise Hien da abokan aikinta sun bi mata 353 a wani gwaji da aka buga a 2009, da suka sake nazarin alƙaluman kuma suka ga cewa matan da firgitarsu ta ragu sukan rage sha daga baya, amma rage sha shi kaɗai bai cika rage firgitar ba. A birnin Sidni na Ostireliya, Katherine Mills ta gwada hanyar da ake sa majinyaci ya fuskanci abin da ya same shi sannu a hankali, a gaban ƙwararre, a kan mutum 103 masu jaraba. A rahotonta na 2012 firgitar ta ragu, shaye-shayen kuma bai ƙaru ba. Dole in ƙara da cewa ga masu taɓin hankali mai tsanani irin sikizofiriniya, nazarin da aka yi na tattara gwaje-gwaje bai nuna wata hanyar nasiha guda ta fi sauran ba ƙarara. Fagen bai gama nuna ba. Sai dai ban ga wani bincike ko guda da ya goyi bayan a yi ta tura mace daga wannan ƙofa zuwa waccan ba.

Ɗaki ɗaya, fayil ɗaya

To me ake nufi da jinya a haɗe? Ma'anarta ita ce ƙungiya guda ta ma'aikata ta ɗauki nauyin cututtukan biyu a lokaci guda, da fayil guda, kuma duk ƙofar da mace ta fara ƙwanƙwasawa ta zama ita ce daidai. Robert Drake da abokansa a jihar New Hampshire na cikin waɗanda suka gina wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1980. Wani ginshiƙinsa shi ne a bi majinyaci mataki mataki, a fara da samun amincewarta tun tana sha, kafin a kai ga maganar dainawa. Komawa ruwa kuma ana ɗaukarsa kamar hawan jinin da ya sake tashi, wato dalilin gyara jinya, maimakon dalilin kora.

Muhimmancin fayil guda ya fi bayyana a wajen magunguna. Taramol, ban da aikinsa irin na dangin mofin, yana ƙara yawan sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa, wanda kuma shi ne aikin magungunan damuwa irin su fuluwoksetin da amitiriftilin. Idan likita ya rubuta ɗaya daga cikinsu bai san mace na shan taramol a ɓoye ba, haɗuwar na iya jawo zazzaɓi da rawar jiki da ruɗewa, ko jijjiga irin ta farfaɗiya. Iyakar abin da likita kan yarda babba ya sha na taramol a yini shi ne miligiram 400, alhali ƙwayoyin da ake fasa ƙwaurinsu zuwa Afirka ta Yamma guda ɗaya kan ɗauki 225 ko 250. Haɗa dangin mofin da ƙwayoyin barci irin dayazifam yana danne numfashi har ya kai ga mutuwa. Yanke dayazifam farat ɗaya kuma shi ma yana iya kawo jijjiga mai kisa, dole sai an riƙa ragewa kaɗan kaɗan cikin makonni. Wannan ya sa kulle mace a ɗaki da nufin ta daina da ƙarfin tsiya ba jarunta ba ce, caca ce da ranta.

Ciki yana ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Mai ciki da ta kamu da dangin mofin ba a so ta yanke kwatsam, domin azabar yankewar na iya taɓa ɗan tayi, komawa ruwa bayan haka kuma ya fi haɗari. Tun shekarun 1970 ake riƙe irin waɗannan mata da maganin metadon, daga baya aka sami bufiranofin. Gwajin da Hendrée Jones ta jagoranta, wanda aka buga a 2010, ya nuna jariran da iyayensu suka sha bufiranofin sun yi kimanin kwana 10 a asibiti, na metadon kuwa kimanin 17. Samun waɗannan magunguna biyu a ƙasarmu yana da wuya ƙwarai. A ɗaya ɓangaren, maganin balfurowet da ake ba masu farfaɗiya da masu ciwon hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki yana jawo naƙasa ga kimanin jariri ɗaya cikin goma, wanda ya sa ƙasashen Turai suka tsaurara ba da shi ga mata masu shekarun haihuwa a 2018. Duk likitan da zai rubuta wa matashiya magani, maganar ciki da tazarar haihuwa na cikin aikinsa, ko da kunya za ta kama su duka biyu.

A gida

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a duniya baki ɗaya, cikin mata 18 masu jarabar ƙwaya guda ɗaya ce ke samun jinya, alhali a maza ɗaya ne cikin 7. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalili a garuruwanmu. Saurayi in ya shiga shaye-shaye akan ce ya lalace, a nemi shiriyarsa, in ya dawo hanya a yi masa aure. Budurwa ko matar aure in aka ji haka a kanta, abin ya shafi ƙannenta da ba su yi aure ba, ya shafi riƙon 'ya'yanta in an rabu. Sau da yawa ma mijin ne ko saurayin ya fara koya mata, shi ne kuma zai ba da izni da kuɗin mota a je asibiti. Wa zai riƙe mata yara in an kwantar da ita wata biyu? Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a shekarun 1990 sun nuna matan da aka bari su zauna da 'ya'yansu a gidan jinya sun fi daɗewa ana yi musu magani. Sannan macen da namiji ya ci zarafinta, ta yaya za ta buɗe baki a zauren nasiha da maza suka cika?

Da yake asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Arewa 'yan ƙalilan ne, irin su na Kaduna da Kware da Maiduguri, iyaye da dama gidajen mari suke nufa. A ƙarshen 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a jihohin Kaduna da Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa, a cikin waɗanda aka ceto kuma har da mata. Ga macen da firgita ce tushen ciwonta, mari da bulala ƙara itace ne a wuta. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Doka a takarda abu ɗaya ce, gado da ma'aikaciya a ɗakin mata wani abu ne daban.

Duk da haka ba daga waje kaɗai za mu ɗauko darasi ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, su riƙa zuwa karɓar magani da rana. Tsarin ya yi suna a duniya, kuma ya dace da mace wadda danginta ba za su yarda ta kwana a baƙon wuri ita kaɗai ba. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke ziyartar wuraren masu maganin gargajiya da na addini suna aiki tare da su, masu ruɗewar hankalin da aka yi wa haka kuma suka fi samun sauƙi. Ni kuwa wurin da na fi sa wa ido shi ne ɗakin awon ciki, domin nan ne kusan kaɗai mace ke zuwa asibiti ba tare da kowa ya zarge ta ba. Ungozomar da ke auna jini da nauyi, in an horar da ita, tana iya ƙara tambaya biyu cikin sirri: kina samun barci? Akwai abin da kike sha don ki samu?

'Yar'uwata dai daga ƙarshe mun dace da wata likita a wani gari mai nisan sa'a uku a mota. Ta fitar da mu duka daga ofis, har Inna, ta zauna da ita kusan sa'a guda. Daga baya ta gaya mini cewa wannan ce rana ta farko da wani ya tambaye ta sunan jaririn. An kwantar da ita mako uku ana rage mata ƙwayar barci a hankali, ba a fara ba ta maganin damuwa ba sai da taramol ya fita daga jikinta, maganar rasuwar kuma a kowane zama ana taɓa ta. Ta koma ruwa sau biyu a shekarar farko, duka biyun a watan da aka haifi yaron da wanda ya biyo shi, likitar kuma ta matso da ranar ganinta kusa. Yanzu duk bayan wata biyu suke zuwa ita da Inna, kuɗin mota kuwa mu 'yan'uwa muke karɓa-karɓa.